Malama Ƙara-Murya da Keken Ɗinkin da Ya Zo Aji

Shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ne ya raba ajina da nata, kuma bangon bai kai rufi ba. Ni lissafi nake koyarwa, ita Turanci. Don haka abin da zan faɗa a kanta, wani da idona na gani, wani kuwa kunnena ne ya kwaso ta saman bangon nan, ko ina so ko ba na so.

Yara suna kiranta Malama Ƙara-Murya. Kunnenta na hagu ba ya ji sosai tun wani zazzaɓi da ta yi tana ƙarama. In ɗalibi ya yi magana ƙasa-ƙasa sai ta juyo masa da kunnen dama, ta kama kunnen da yatsu biyu ta ce, "Ƙara murya, ɗana, ban ji ba." Gajeriya ce, mai saurin tafiya, kullum da wata baƙar jaka da ta ƙi rufuwa saboda takardu. Ta san sunan da suka laƙaba mata, kuma bai taɓa ɓata mata rai ba.

Mahaifinta mai gyaran rediyo ne da fanka. A ɗakin malamai ta ba mu labarinsa, ba sau ɗaya ba. Hannunsa ya san kowace waya, amma bai iya karatun boko ba. Idan aka kawo masa sabon abu da bai taɓa buɗe irinsa ba, sai ya jira ta dawo daga makaranta, ya ɗora ta a kan benci tsakanin matattun rediyoyi, ya miƙa mata littafin da ya zo cikin kwalin. Tana da shekara goma sha biyu lokacin, da wani tsohon ƙamus wanda bangonsa ya cire. Tana lalube tana fassarawa, shi yana kwance noti. Wata rana ta juya ma'anar layi guda, ya haɗa jar waya inda baƙa ya kamata ta shiga, rediyon ya yi tartsatsi, hayaƙi ya turnuƙe shagon. Ta fashe da kuka. Shi kuwa dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce, "To, uwata, yanzu mun san abin da kalmar nan ba ta nufi. Sake dubawa."

Duk da haka, da ta zo jarrabawar fita sakandare, Turancin ne ya kayar da ita. A takarda ta iya, amma in aka ce ta buɗe baki gaban mutane sai harshenta ya ɗaure. Ta sake zama a shekara ta biyu ta ci. Ta yi aure, ta haifi uku, ta koyar a firamare shekaru da yawa, tana goyo tana ƙaro karatu. Ba ta zo makarantarmu ba sai da ta haura arba'in.

Ajin da aka ba ta shi ne na ƙarshen baranda, kusa da nawa, yara arba'in da huɗu waɗanda saura musu shekara biyu su fita. Mu malamai Ajin Shiru muke ce musu. Ba don ba su da baki ba, a filin wasa sun fi kowa ihu. Malamin da ya riƙe su kafin ita mutum ne mai son ƙa'ida. Duk wanda ya yi kuskure sai ya sa shi ya tsaya, ya maimaita kuskuren da irin muryar yaron, aji ya yi dariya. Cikin shekara ɗaya yaran suka gano cewa wanda bai yi magana ba ba ya kuskure.

Makonni uku na farko ina jin muryarta ita kaɗai ta saman bango. Ta yi tambaya, shiru. Ta kawo muhawara, shiru. Ta gwada waƙa, ita ta fara ita ta ƙare. Ranar nan ta shigo ɗakin malamai ta zube a kujera, alli har a girarta.

Na ce, "Malama, yau ma dai ke da kanki kika amsa?"

Ta ce, "Malam Lissafi, bari kawai. Na tambayi wani yaro sunansa da Turanci, sai ya waiga baya ya ga ko da wani nake."

Kashegari na ji ta rufe littafin karatu, ta yi musu magana da Hausa. Ta ce kowa in ya koma gida ya duba, ko akwai wata takarda mai rubutun Turanci da wani a gidan yake son sanin abin da ta ce. Ko ta jikin kwalin magani, ko wasiƙa, ko littafin wata na'ura. A kawo mata ranar Litinin.

Ranar Litinin mutum biyu kacal suka kawo. Na farko wani dogon yaro ne da ke zama a layin baya, ana ce masa Ɗan Baki saboda shi ne mai sa aji dariya. Ya taso yana taƙama, ya ajiye mata takardar da ake naɗe sabulu, har da sauran kumfa a jiki. Aji ya fara ƙyalƙyala dariya, ana jira ta yi faɗa.

Ta ɗauka da hannu biyu kamar an ba ta takardar gado. Ta ce, "Madalla. Wannan sabulun naka ne, kai ne mai kamfanin. Ga kasuwa a gabanka, mutum arba'in da uku duk ba su yi wanka ba. Sayar musu da shi, da Turanci."

Ɗan Baki kuwa yaro ne da ba ya iya barin dama ta wuce shi. Ya duba takardar, ya tsinci kalma biyu, ya ɗaga ta sama, ya fara talla da wani Turanci mai karyayyun ƙafafu. Ya ce sabulunsa yana wanke mutum, yana wanke akuya, yana wanke baƙin hali. Ya nuna abokinsa ya ce wannan sai an saya masa guda uku. Ajin ya kece da dariya har ni na tsaya da alli a hannu, ɗalibaina suna kallon bango. Da ya gama, ta sa aka tafa masa. Sannan ta rubuta jimlolinsa uku a allo, ba ta ce wa ya faɗe su ba, ta ce, "Waɗannan sun yi ciniki. Yanzu mu ɗaure musu noti su ƙara ƙarfi." Suka gyara tare. Ban ji an maimaita kuskuren kowa da muryar ba'a ba.

Ta biyun da ta kawo takarda ba ta taso ba sai da aka tashi. Siririyar yarinya ce, 'yar wata mai ɗinki, shi ya sa ake ce mata Allura. Tun da na san ta ban taɓa jin muryarta ba, ko a ajina. Ta zaro wani ɗan littafi da mai ya ɓata, ta ajiye a teburin Malama, ta ce a hankali na keken ɗinkin mamanta ne.

"Ƙara murya, 'yata."

Keken na lantarki ne, ƙanin maman ne ya kawo mata shi shekara takwas da suka wuce, an riga an yi amfani da shi a wani wuri. A gefensa akwai wani abin murɗawa mai lambobi da 'yan zane-zane. Maman ba ta taɓa taɓa shi ba, tana tsoron kada keken ya lalace. Ita dai so take ta san amfaninsa.

Malama ta sa aka kwafi shafukan a ofis, ta raba ajin gida shida, kowane gida da shafinsa da ƙamus ɗaya. Ta gaya musu gaskiya: ita ba ta iya ɗinki ba, ko maɓalli ya cire mata sai ta kai wa maƙwabciya. "Ni na san kalmomin, Allura ta san keken. In ba ku tambaye ta ba, ni ma ban san me muke karantawa ba." Ƙa'ida ɗaya ta kafa: tambayar da za a yi wa Allura da Turanci za a yi ta, ko da rarrafe.

Mako guda suka yi a kai. Ina jin su ta saman bango suna gardama kan kalma ɗaya kamar masu rabon gona. Samarin da ba su taɓa riƙe zare ba suna tambayar yarinyar nan ina ne zaren ƙasa yake shiga, ita tana zana musu a allo, tana amsawa da kalma ɗaya, daga baya biyu. Ranar Alhamis wani gida ya yi ihu. Sun gano cewa abin murɗawar nan, in aka bi lambobinsa ɗaya zuwa huɗu, keken da kansa yake ɗinke ramin maɓalli.

Allura ta dafe baki. Ashe shekara takwas mamanta tana tara riguna, ta ba ta ta kai can ƙarshen kasuwa wurin wani tela mai injin yin ramin maɓalli, ta bi layi, wani lokaci a ce ta dawo jibi.

Malama ta ce a je gida a gwada. Maman ta aiko cewa ita fa ba za ta murɗa komai ba sai a gaban wadda ta ce a murɗa. Ranar Talata da hantsi, ina tsakiyar darasi, na hango mace mai jiki ta shigo ƙofar makaranta da tef ɗin awo a wuya, 'yarta Allura tana tura baro, a cikin baron keken ɗinki ne an lulluɓe shi da zanen gado. Mai gadi yana biye da su yana tambayar wa ya ba da izini.

Malama ta leƙo ajina ta ce, "Malam Lissafi, soket ɗinmu ya mutu. Naka yana aiki?"

Haka aka jefa doguwar waya ta saman bangon nan. Na ga darasina ya riga ya tashi, sai na kwashi ɗalibaina muka tsaya a tagogi.

Aka ɗora keken a teburin Malama. Allura ta tsaya da littafin tana karanta matakan da Turanci, Ɗan Baki yana mayarwa da Hausa, maman tana zaune ta gyara tabarau. Muryar yarinyar ƙarama ce, amma tana fita. Lamba ta ɗaya ta tafi lafiya, keken ya ɗinka gefe guda tsaf. Aka zo ta biyu. Ɗan Baki ya ce, "Mama, murɗa, sannan ki ɗaga allura." Ta murɗa. Sai muka ji ƙas! Allurar ta karye, kanta ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin benci.

Ajin ya yi tsit irin na da. Maman ta ɗora hannu a ka ta ce, "Na faɗa muku! Ni dai na faɗa!" Idon Allura ya cika da hawaye.

Malama ba ta ko motsa daga inda take ba. Ta ce, "Mama, kina da wata allurar?"

"Mai ɗinki za ta fito ba allura, Malama?"

"To alhamdu lillahi. Ku kuma a koma layin nan. Akwai kalmar da muka taka muka wuce."

Kawuna arba'in da huɗu suka duƙa. Allura ce ta gano. Ta ɗago ta faɗa da ƙarfi, da Turanci, ba wanda ya ce ta ƙara murya: littafin cewa ya yi a ɗaga allura kafin a murɗa, su kuma sun karanta "kafin" a matsayin "bayan". Daga baya can wani ya ce, "Allura ta karya allura, Allura ta gyara!" Har maman sai da ta yi dariya tana share ido da gefen mayafi.

Aka sa sabuwa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Maman ta zaro ƙyallen, ta tsaga tsakiyar da 'yar reza, ta ɗaga shi ga haske. Ramin maɓalli ne sosai, gefensa a cike, kamar na kanti. Ta juya shi gaba da baya ta ce, "Shekara takwas! Ashe yana cikin ɗakina yana kallona!"

Ihun da aka yi shi ya fito da shugaban makaranta daga ofis. Ya iso fuska a murtuke, ya tarar da aji biyu a haɗe, waya ta saman bango, baro a baranda. Kafin ya buɗe baki maman ta kalli hannun rigarsa, inda ramin maɓallin ya yage ya ɗaure da fil. Ta ce, "Ranka ya daɗe, kawo hannun nan." Ya ce ai ba komai. Ta ce ba za ta iya kallonsa haka ba. Ƙarshenta dai shugabanmu ya koma ofis ya aiko da rigar, ya zauna da singileti a bayan ƙofa har aka gama.

Ba kowa ne abin ya burge ba. Shugaban sashen Turanci, dattijo mai kirki amma mai tsoron jarrabawa, ya same ta a ɗakin malamai ya ce, "Malama, an ji daɗi. Amma masu jarrabawa ba za su tambayi ramin maɓalli ba. Ina manhaja?"

Ta ce, "Gaskiyarka, Malam. Me ke gaba a manhajar?"

"Rubuta wasiƙa zuwa ga hukuma ko kamfani."

Ta yi murmushi. A cikin littafin keken akwai hoton wata 'yar ƙafa ta musamman da ake ɗaurawa don ramin ya fi fita daidai, kuma ba ta zo da keken ba. A bayan littafin akwai adireshin kamfanin. Ta sa kowane ɗalibi ya rubuta wasiƙar neman ƙafar nan. Wasiƙa arba'in da huɗu, ta kwashe su a baƙar jakarta. Ba ta cika su da jan biro ba. A kowacce takan ja layi ƙarƙashin jimla ɗaya mai kyau, ta zagaye kuskure biyu kawai, ta mayar. Sai da suka sake rubutu sau uku. Sannan ajin ya zaɓi farkon wasiƙar wannan, tsakiyar ta wancan, rufewar ta wata, aka haɗa guda ɗaya, kowa ya sa hannu a baya, aka aika wa kamfanin.

Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya bi. Yara suka fara cewa ai dama wa zai kula su. Ita ma ta gaya mini a ɓoye ta fara jin kunya. A wata na uku, ana saura mako ɗaya hutu, masinja ya shigo da ɗan ƙunshi. Ga 'yar ƙafar a cikin leda, ga sabon littafi, ga wasiƙa mai layi shida. Wata ma'aikaciyar kamfanin ce ta rubuto. Ta ce sun daina yin irin wannan keken tuntuni, sai da ta sa aka bincika sito, kuma a shekarunta na aiki ba ta taɓa samun wasiƙa mai sa hannu arba'in da huɗu ba. Ta ce wasiƙar tasu a bayyane take, ta fahimci abin da suke so tun karatun farko.

Layin nan na ƙarshe sai da aka karanta shi sau biyar. Ɗan Baki ya hau benci ya ce shi ne ya rubuta jimlar da ta sa aka gane. Mutum shida suka ce ƙarya yake yi.

Daga nan takardu suka yi ta zuwa, har Malama ta ware musu ranar Litinin. Wani ya kawo ta maganin kakarsa, aka gano tsohuwar tana sha sau uku abin da aka ce sau biyu, Malama ta sa aka koma wurin likita a tabbatar. Wani ya kawo takardar neman aikin yayansa. Ni kaina na kai littafin wani kalkuleta da na yi shekaru ina danna rabinsa.

Da sakamakon jarrabawar fita ya zo, ashirin da tara suka ci Turanci cikin arba'in da huɗu. Ajin ƙarshen baranda bai taɓa wuce goma ba. Allura tana cikin na gaba-gaba. Ɗan Baki ya faɗi, domin bakinsa ya fi alƙalaminsa gudu. Ya zo ɗakin malamai yana sunkuyar da kai. Ta zaunar da shi ta ce ita ma sai a zama na biyu ta ci, ta ba shi ranakun Asabar ɗinta na wata huɗu. Ya sake zama ya haye. Yanzu shi ke sanar da tashin motoci a babbar tasha, da harshe biyu, kuma an ce fasinjoji har tsayawa suke yi su saurare shi.

Sau biyu aka so a ba ta mataimakiyar shugaba, ta ce a bar ta da allinta. Ta riƙe aji tara bayan wannan, kowanne da irin nasa rikicin, ba duka ne suka zo da sauƙi ba. Bara ta yi ritaya.

Mako uku da tafiyarta, ranar wata Laraba, na shiga aji na tarar da ita zaune a bencin baya tsakanin 'yan mata biyu, da sabon littafin rubutu da fensir. Na ɗauka saƙo ta kawo.

Na ce, "Malama, lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau. Jikata ce ta kawo mini aikin gida na lissafi, na kasa. Tun ina aji uku na rufe wa lissafi ƙofa, ban taɓa gaya wa kowa ba. Shugaba ya ce in kai ka yarda, in riƙa zuwa ran Laraba."

Yara suna ta leƙenta suna murmushi. Na rubuta tambaya a allo, na juyo. Hannunta ne farkon tashi. Ta miƙe tsaye kamar kowane ɗalibi, ta ba da amsa da babbar murya, amsar kuma ba daidai ba ce, ko kusa. Yarinyar da ke gefenta ta ja ta da mayafi, ta matso da littafinta ta fara nuna mata inda ta ɓata. Malama ta zauna, ta goge, ta sake lissafawa tana motsa leɓe. Yanzu mun shiga zango na biyu, ba ta fasa Laraba ko ɗaya ba, kuma a gwajin da ya wuce ta ci shida cikin goma.